Zuwa Giza da Gwangwanin Shayin Abba

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta Hay el-Sabi' a ƙasar Misirawa, ni da Umma, gwangwanin shayin Abba na cikin jakata ta makaranta. Abba ya rako mu bakin ƙofa da auduga a hanci, don haɓon jiya bai gama tsayawa ba.

An sa wa Abba ranar tiyatar ƙaba, sai likita ya gwada jininsa ya ce ba ya daskarewa da wuri. In aka yanka shi a haka, zubar jinin na iya fin ƙarfinsu. Ya tambayi abin da yake sha, Abba ya ce babu. Sai a gida Umma ta tuna da shayin da maƙwabciyarmu 'yar Tailan ta ba mu kafin su koma Giza. Rubutun jikin gwangwanin duk ƙugiyoyi ne da 'yan zobba, babu mai iya karantawa, dole a nemo ta. Ni aka ɗauka tafinta, tunda Larabcin Umma na cefane ne.

Bas ɗin Abbasiya ta zo a karkace saboda mutanen da suka maƙale a ƙofa. Wata tsohuwa ta ɗora ni a cinyarta, kwandon tattabarunta kuma a tawa. A Abbasiya Umma ta sayi gurasa da wake da ta'amiya mai zafi, wato ƙosan Misirawa, ta kasa ci, ni ma na riƙe tawa har mai ya huda takardar. Mun sauya mota muka haye kogin Nilu. Na daɗe ina son ganinsa da safe, amma kan gadar yatsun Umma na yi ta kallo, tana jan tasbihi tana tsallake 'ya'ya.

A Giza mun ɓata. Sai da Umma ta mintsine ni sannan na iya buɗe baki na tambayi wani mai guga inda 'yan Tailan suke. Ya ce, "Masu dafa shinkafa ba mai ba gishiri? Hawa na sama!"

Can muka sami maƙwabciyar tamu, ta rungume Umma. Mijinta, mai karatun haɗa magani, ya zazzage gwangwanin a faranti, sai ya ɗago.

"Ina sauran?"

"Malam ya shanye," in ji Umma. "Hannu guda nake zubawa a tukunya in tafasa, ya wuni yana sha. Ya ce yana warware masa gajiya."

Da na fassara, matar ta dafe ƙirji. "Ya ukhti, 'yar'uwata! Hannu guda?" Ta tsinko kaɗan da yatsu uku. Su haka suke sawa a ƙaramin kofi, ba kuma kullum ba.

Umma ta ce, "To ai mu jiƙo ba a yi masa rowa."

Mijin ya yi dariya, ya katse ta da sauri. Ya ware jajayen zaren fure da wata busasshiyar saiwa, ya ce furen shi ne usfur da Misirawa ke sawa a tsamin lemo. Saiwar kuma dangin citta ce. A ƙasarsu ta Tailan ana shan su don jini ya gudana, kuma suna kare jiki daga lalacewa kamar yadda ruwan lemon tsami ke hana yankakken tuffa yin baƙi. Amma suna iya tsinka jini, mai jiran tiyata bai kamata ya kusance su ba.

Na tambaya da kaina, "Zai koma daidai?"

"In sha Allah, in ya daina. Amma likita ne zai sake gwadawa. Ku faɗa masa komai, har girman tukunyar."

Da la'asar muka iso gida. Tun daga matakala na ji ƙamshin citta. Abba ya kankare ɗan ragowar da ke tukunya ya ɗora a wuta, wai ko zai tsayar masa da haɓon. Ban taɓa karɓe abu daga hannunsa ba sai ranar. Na ɗauke kofin na tuttular a baho, sannan na fashe da kuka.

An ɗage tiyatar, gwaji na gaba ya yi kyau. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, in aka ba ka maganin wata ƙasa, ka roƙi ma'auninsa tare da shi. Umma ta ce ta ji, amma har yau tana cewa yatsu uku ba magani ba ne, ɗanɗano ne.