Kalandar da Na Raba a Bikin Ɗiyar Yaya

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da Yaya, kuma dukanmu baƙaƙe ne wuluk. A Ƙofar 'Yandaka ba wanda ya taɓa ɗaga mana gira a kan haka. Sai shekarar da soja suka koma bariki, mijin Yaya mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa ya ci zaɓen ɗan majalisa, suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma GRA.

Kafin damina ta zagayo Yaya ta zama fara sol, ban da gaɓoɓin yatsu, su kuwa kullum suna ɓoye cikin lalle. Wannan bai dame ni ba, jikinta ne. Abin da ya dame ni shi ne ranar da na kai mata ziyara na tarar da falo cike da matan manya ana shan lemo, na ji ta da kunnena tana cewa hasken nan gado ne, mahaifiyarta Bafulatana ce jajir. Innarmu, Allah ya jiƙanta, baƙinta ma ya fi namu. Sai wata Hajiya mai haƙorin Makka ta nuna ni da baki, ta ce wannan fa?

Yaya ta ce, "'Yar tsohuwar unguwarmu ce, takan zo ta kama mani aiki."

Na yi murmushi, na kwashe kofuna na nufi kicin, don in na tsaya kuka zan yi. Da baƙi suka watse ta biyo ni. Ba haƙuri ta zo ba ni ba. Kwalba biyu na man shafawa ta miƙo mini da wani sabulu, ta ce, "Ki haɗa su ki riƙa shafawa. In kin washe sai ki zamna falo cikin mutane. Yanzu in na ce ke ƙanwata ce, wa za ya yarda?"

Na karɓa. Ba falon nake kwaɗayi ba, ba lemon ba. So nake yayata, wadda ta goya ni, ta buɗe baki a gaban mutane ta ce tata ce ni.

Man nan wari gare shi kamar ƙonannen gashi. Maigidana, malamin firamare ne mai kawaici, ya ce ni dai yadda na aure ki ya ishe ni. Na ce masa wannan zancen mata ne. Da farko abin ya karɓe ni, har maƙwabta suna cewa na samu hutu. Da bazara ta kama, ranar Katsina ta nuna mini iyakata. Kumatuna suka ƙone, goshi ya yi ja, wuya ya tsaya a baƙinsa, jijiyoyi suka fito kore shar. In na daina in ƙara baƙi, in na ci gaba in ji kamar an watsa mini barkono.

Na lulluɓe fuska na je na nuna mata. Ta kama haɓata ta juya dama, ta juya hagu, ta ce, "Fatarki ce ba ta da kyau. Ni ai ga shi ya bi ni." Ta sake ni ta goge hannu da gefen zani.

Ana cikin haka aka sa bikin ɗiyarta ta fari. Anko iri biyu ta fitar: leshi na dangi da ƙawaye, atamfa ta masu girki da wanke-wanke. Direbanta ta turo ya kawo mini nawa a baƙar leda. Na buɗe, atamfa ce. A nan zuciyata ta bushe, kuma ban roƙi Allah ya sanyaya ta ba.

Lokacin ana yayin kalanda a biki, duk mai son amarya ya buga tasa ya raba, a kai gida a rataye. Na sauke akwatin Inna na zaro wani hoto mai kala da muka ɗauka wata sallah muna 'yan mata, Inna a tsakiya, ni da Yaya a gefenta, kaya iri ɗaya, fuska iri ɗaya. Na kai wa mai buga kalanda. Ya ce, "Hajiya, in ɗan haska fuskokin? Haka ake so yanzu." Na ce ko ɗigo kada ya taɓa. Na sa ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa uwar amarya ce da ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, tare da mahaifiyarsu.

Ranar yini na ɗaura atamfata, na tuƙa tuwo, na yanka albasa, ban nuna komai ba. Na bari sai da kiɗan ƙwarya ya yi zafi, matan manya suka cika rumfa. Sannan na ɗauko ƙunshina na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina durƙusawa ina miƙawa da hannu biyu. Ban tsallake kowa ba, har dangin ango. Na buɗe fuskata kuma, kowa ya ga kumatun da kyau.

Ina jin ƙarar warware takarda a bayana, sai hira ta fara mutuwa layi-layi. Wata ta danne dariya da mayafi. Daɗin da na ji a lokacin, ban taɓa jin irinsa ba.

Hajiya mai haƙorin Makka ta ɗaga tata sama, ta dubi hoton, ta dubi Yaya, ta dube ni. Ta ce, "Hajiya, wannan ba mai kama maki aiki ba ce? Mi take a wurinki?"

Yaya ta tsaya riƙe da jaka, gumi yana wanke mata hoda. Ta duba ko'ina ban da inda nake. Can ta ce, da muryar da ba ta fita sosai, "Ƙanwata ce."

Na ce, "Yaya, na can baya ba su ji ba."

Ta maimaita da ƙarfi. Daga ranar ba ta sake yi mini magana ba, ko a gaisuwar mutuwa muka haɗu sai ta kau da kai. Ƙunar kumatuna tana nan har yau. An sha tambayata ko na yi nadama, amsata ɗaya ce: da fuskata na sayi kalmar nan, kuma sai da na karɓe ta sau biyu.