Shirun da Na Kai Birnin Tsaba

Ƙaura Namoda

Ana sallame Asuba na saɓi jaka na nufi tasha, amma ba direban da ya yarda ya tashi sai da motar farko ta iso daga Shinkafi ta ce hanya lafiya. Ni malamin makaranta ne, sai dai ina da wata sana'a da har iyalina ba su gama yarda da ita ba. Ina naɗar sauti, kukan jaki ne ko ƙarar guga a rijiya, in kai kwamfuta in ja wannan in lanƙwasa wancan, har su zama kiɗa ba ganga ba mawaƙi. Idan zan kunna, lasifika huɗu nake kafawa, mutane a tsakiya.

Direba ya tattaɓa buhun lasifikokin ya ce, "Malam, wanga kaya na biki na?" Na ce kusan haka. Daga nan ta madubi ya yi ta lura da ni.

Shinkafi

Mun isa da hantsi, ranar kasuwa. Na ci waina da miyar taushe, na shiga kara ina miƙa makirfo wajen shanu. Nan take dillalai suka yi tsit. Wani ya matso ya ce, "Wa ya aiko ka ƙirga muna dabbobi?" Na sa masa abin saurare a kunne, ya ji saniya tana tuƙa, ya cire ya miƙo mini, fuskarsa ba ta saki ba. Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsa ba, don kowa ya san masu kai wa mutanen daji rahoto ba su da alama a goshi. Na kwana gidan wani abokin karatu, na haɗa abin da na samu.

Birnin Tsaba

Washegari mota ta sauke ni Zurmi, na hau babur zuwa wajen Kawu Labbo, yayan mahaifiyata. Da na kwana, da safe na naɗi dakan Hajiya, uwargidansa, da kukan zabi da ƙarar guga, na haɗa su da na Shinkafi a kwamfutar da ke jakata. Kafin Azahar magana ta zaga gari cewa Labbo ya sauki infoma.

Shugaban 'yan sa-kai ya zo da mutanensa ya karɓe rikodar da nake naɗar sauti da ita. Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata na, ni na tsaya mishi." Shugaban ya ce, "To in munka ji abin da bai kamata ba, da kai da shi na." Ni gobe zan koma, amma Kawu a nan zai ci gaba da zama da wannan suna.

Aka ce in kunna komai a bainar jama'a bayan La'asar. Na kafa lasifikokin a ƙofar gidan mai unguwa, na jona batir. Shanun Shinkafi suka taso daga gabas, taɓarya ta amsa daga yamma, guga ya zagaya kawunan mutane. Ba wanda ya kaɗa kai. Kunne suka kasa, kowane sauti suna juyawa su ga ta ina ya fito. Wani ya ce, "Wanga turmin Hajiya na, shi ɗai ka wanga amo."

A tsakiyar kiɗan na sa wani wuri da komai ke ɗaukewa lokaci guda, don kunne ya huta. Ina alfahari da wurin ƙwarai. Da aka zo nan, zabi suka yi shiru, daka ya tsaya. Sai na ga maza sun miƙe. Biyu sun ɗaga bindiga suna duban daji, wata mata a soro ta fizgi ɗanta ta shige cikin gida.

Da sautin ya dawo, shugaban ya juyo gare ni. Ya ce, "Haka gari ka yi in za su shigo. Wa ya gwada maka?" Na rantse masa ban sani ba, ado ne kawai na sana'a. Ya sa na sake kunnawa tun daga farko, yana neman muryar mutum ko sunan wani, bai samu ba. Ya miƙa wa Kawu rikodar ya ce, "Labbo, ɗanka ba infoma ba na. Mai bin shanu da na'ura, sai addu'a." Aka yi dariya, ban da Kawu.

Komawa

Da safe Kawu ya raka ni bakin hanya. Sai da na hau babur ya riƙe hannuna ya ce, "Kiɗanka ban gane mishi ba. Amma wurin ga da ka bari wayam, ka cike shi. Muna da irinai da yawa."

Na iso Ƙaura kafin La'asar, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya ya kuma wanke sunan Kawu. Ko takalmi ban cire ba na kunna kwamfuta, na nemo wurin, na zuba dakan Hajiya a ciki.