Yakura da Jar Motar Aji

Duk wanda ya saba bin layin bayan firamare a Barunde ya san gidan Yakura, ko bai taɓa shiga ba hancinsa ya gaya masa. Turaren wuta da humra take haɗawa, matan Gombe kuma idan biki ya matso wurinta suke tururuwa. Doguwar mace ce mai saurin magana, kullum cikin lafaya. Idan ranta ya ɓaci sosai Hausarta takan tsere ta bar ta da Kanuri, wanda ake wa faɗan ya tsaya yana jin saukar magana bai san me aka ce da shi ba.

A Bama aka haife ta, a wurin kakarta ta koyi haɗa turare. A can ta auri Aji, ɗan kasuwar huluna mai kai kaya Kano da Gombe da Yola. Aji mutum ne shiru-shiru, ba ya almubazzaranci, amma akwai abu ɗaya da ya fi ƙarfinsa. Shekarar da kasuwa ta yi masa kyau ya tafi Kwatano, dangi na jiran ya dawo da motar ɗaukar kaya, sai ga shi da wata jar Selika mai ƙofa biyu, gajera kamar ta kwanta a ƙasa, kujerun bayanta ko babban yaro ba ya miƙe ƙafa. An yi masa dariya har an gaji. Bai taɓa zuwa fatauci da ita ba, motar haya yake hawa. Ranar Juma'a kawai yake fito da ita bayan an sauko daga masallaci, ya ɗan miƙa kan kwalta ya juyo, ya goge ta ya rufe. A wani fili bayan gari ya koya wa Yakura tuƙi. Mata suka yi ta surutu, ta ce duk wadda abin ya dama ta zo ta faɗa a gabanta. Babu wadda ta zo.

Lokacin da aka watsa Bama motar tana Maiduguri wurin mai fenti, shi ya sa ta tsira. Su kuwa da ƙafa suka fita, su da 'yarsu Bilkis. Shago da huluna da gida duk suka tafi. Da suka ga zaman Maiduguri ba zai yi ba, Aji ya ce su gangaro Gombe inda yake da abokan ciniki. A cikin jar motar suka iso, Bilkis na takure a baya rungume da kaskon turare.

Hanyoyin Barunde ba na irin wannan motar ba ne. Ruwa ya zaizaye layin, duk fita sai cikinta ya gogi ƙasa, Aji ya runtse ido kamar shi aka goga. Ya kafa mata rumfar kwano a tsakar gida ya lulluɓe ta da tamfol. Ya sake kafa teburin huluna a babbar kasuwa, abu ya fara miƙewa, sai hawan jini ya kayar da shi a gaban teburin nan. Ɓarin damansa ya shanye. Magana ma sai kalma ɗaya ko biyu, da ƙyar. Daga nan turaren Yakura ya ɗauki gidan, haya da magani da karatun Bilkis. Motar kuma ba ta yarda ta mutu ba. Duk mako takan yaye tamfol ta tayar da ita, ta ɗan matsa gaba ta dawo baya, ta bar injin yana kuka a gefen tagar ɗakin Aji.

Aji yana da ƙane, Abdulkahar, mai sayar da siminti a unguwar Arawa. Ba mugun mutum ba ne, yakan kawo shinkafa da azumi. Sai dai tun da wansa ya kwanta ya ɗauka shi ne maigidan gidaje biyu. Wata safiya Yakura na kicin tana soya itacen turare da sukari, ta ji ana jan tamfol. Ta leƙo ta ga Abdulkahar da wani mutum mai farar shadda yana zagaya motar yana dukan taya da takalmi.

"Yaya, wannan Alhaji Iro ne, dillalin motoci," in ji Abdulkahar. "Na kawo shi ya yi mata kuɗi. Ajiyar nan ta isa haka."

"Wa ya ce maka ta sayarwa ce?"

"Ai magana ce ta maza, Yaya. Ki koma kan aikinki, zan yi miki bayani."

Iro bai ko dube ta ba. Ya buɗe ƙofa ya sunkuya ya leƙa mitar da ke nuna tafiyar da mota ta yi, ya yi 'yar dariya, ya juya wajen Abdulkahar.

"Kilomita dubu talatin da 'yan kai, a motar da ta kusa sa'ar 'yarku? An murɗe mitar nan baya. Kowa yana yi, ba abin kunya ba ne. Kuma wa zai sayi mota mai ƙofa biyu a Gombe? Zan ba da miliyan ɗaya da rabi, shi ma don na san halin da 'yan gudun hijira suke ciki."

Yakura ta ajiye ludayin da ke hannunta a kan bokiti, a hankali.

"Malam, wa ka kira maƙaryaci? Ni, ko mutumin da ke kwance a ɗakin can ba ya iya ba ka amsa?"

"Hajiya, ba haka nake nufi ba."

"Shekara goma nake garin nan. Ka taɓa ganina a ƙofar gidanka da kwano? Ka cire hannunka daga jikin motar nan. Kai kuma Abdulkahar, wanka yana da rai. Ranar da ya mutu ka zo rabon gado, yau ba ranar ba ce."

Sauran maganar da Kanuri ta fito, Abdulkahar kaɗai ya fahimta, shi ma bai tsaya jin ƙarshenta ba. Turaren da ta bari a wuta ya ƙone ƙurmus, gidan ya wuni yana warin ƙauri.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ita kanta ta daɗe tana tunanin sayarwar. Likita ya ce Aji zai iya taka ƙafa idan aka dage da gashin ƙashi, abin kuma ba arha ba. Mai gida ya ƙara haya. Tana kuma son shago a bakin titi, don amare sun fara ƙorafin shigowa layin. Da an zo mata da ladabi, da wataƙila ta saurara. Yanzu kuwa sai ta ce sai ta san darajar motar da kanta.

Ta hau keke napep ta bi wuraren masu sayar da motoci ɗaya bayan ɗaya, da hotuna a wayar Bilkis. Na farko ya ce ina maigidan. Na biyu ya ce ta turo namiji su yi magana. Na uku ya kalli hoton ya ce, "Au, motar Barunde ce? Ai an ce mitarta murɗaɗɗiya ce, takardunta ma sun ƙone a Borno." Nan ta gane Iro ya riga ta zagayawa. Takardun kuwa suna cikin motar tun ranar da aka kai ta fenti, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Ta dawo gida ko mai keken ba ta iya yi wa sallama ba.

Bilkis, wadda a lokacin take karatu a jami'a, ita ta sa hotunan a intanet. Ta nuna wa uwarta cewa a Abuja da Legas akwai samari masu neman irin waɗannan tsofaffin motocin gudu, musamman wadda ba a taɓa buɗe injinta ba, suna kuma biyan ninkin-ba-ninkin abin da Iro ya taya. Waya ta fara ruri. Wani ya ce a yi musaya da keke napep biyu. Wani yana son haya ta wuni ɗaya don hoton aure. Wani ya ce zai turo kuɗi amma a fara aika masa lambar katin banki. Yakura ta zage su duka, har Bilkis ta daina ba ta wayar.

Sai Danny ya zo. Saurayi ne Batangale, iyayensa na GRA, shi yana aiki a Abuja. Ya zo da bakanikensa da hantsi, ya cire takalmi ya shiga ya gaida Aji kafin ya kalli mota. Sun daɗe a kanta. Bakaniken ya shiga ƙarƙashi, ya fito ya duba robar birki da ta kuloci, ya shafa sitiyari, ya ce wa Danny mitar gaskiya take faɗa.

"Mama, nawa kika sa mata?" in ji Danny.

"Miliyan bakwai."

"Zan ba da shida. Ba don na raina ta ba. Zama ma yana cin mota. Tayoyin nan sun bushe, robobin injin duk sai an canza kafin ta kai Abuja."

"Albarka. Me za ka yi da ita? Irin wasan nan da yara ke yi a biki suna juya mota tana hayaƙi?"

"A'a, Mama. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, zan gudu da ita. Don gudu aka ƙera ta."

Ta ce ya ba ta lokaci. Ya bar lambarsa ya tafi.

Mako ya zagayo ba ta kira ba. Ta rasa wa za ta yi wa fushi, tunda yaron bai yi mata komai ba, sai ta huce a kan Bilkis da masu sayen turare da mai kawo ruwa. Wata rana bayan azahar tana shafa wa Aji man zafi a hannun da ya shanye, ta fara zuba masa ƙorafi kamar yadda ta saba.

"Baban Bilkis, ka ga mutane? Kowa ya zo ya yi wa motarka kuɗi, babu mai leƙowa ya ce me kake so. Ni dai na fasa. Ita kaɗai ta rage mana daga Bama. Ta zauna nan har ka warke ka tuƙa abarka."

Aji ya daɗe yana motsa baki kafin kalmar ta fito.

"Sayar."

"Me ka ce?"

"Sayar... da ita."

"Don kuɗin magani? Turarena bai gaza ba tukuna."

Ya girgiza kai. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna tagar da ke kallon rumfar, ya kamo labule ya ja shi ya rufe da ƙarfi har ƙusa ɗaya ta fita.

"Kullum... ina ji," ya ce. "Ciwo."

Yakura ta saki hannunsa. Sai yanzu ta gane kukan injin nan da take tayarwa duk mako a gefen kunnensa ba daɗi yake masa ba. Zafin abin ya fito mata da fushi, don ba ta san wata hanyar ba.

"Shekara nawa ina ƙona mai da tsadarsa don in faranta maka? Hannun hagun nan lafiyarsa ƙalau. Ba ka iya ɗaga shi ka ce in bari ba? Ka bar ni ina ta wahala kamar mahaukaciya, ina faɗa da ƙaninka, ina faɗa da rabin Gombe a kan abin da ba ka so?"

Ya juya fuska bango. Ranar ta kawo masa abinci ta dire tiren da ƙarfi, amma ta zauna ta ba shi har ya ƙoshi.

Washegari ta kira Danny ta ce shida da rabi, ko sisi ba ta ragewa, kuma ita za ta fitar da motar zuwa kwalta don ta san ramukan layin. Ya yarda. Ta ɗaure lafayarta ta shiga, ta bi gefen kwata a giya ta ɗaya, mutanen layi na tsaye a ƙofofinsu. A bakin titi ta fito ta miƙa masa makulli da takardu, ta juyo da ƙafa ba ta jira ta ga tashinsa ba.

Labari bai kwana ba ya kai Arawa. Abdulkahar ya zo ya ce Iro yana neman la'ada, tunda shi ya fara taya motar, kuma shi kansa a matsayinsa na ƙanin mai mota ya kamata a ce kuɗin a hannunsa yake. Magana ta kai gaban mai unguwa. Yakura ta ce a ɗauko Aji a kujera a tambaye shi a gaban kowa. Aka ɗauko shi. Mai unguwa ya tambaye shi wa zai riƙe kuɗin, ya nuna matarsa. Ya tambaye shi ko a ba dillali wani abu, ya ce a'a, da muryar da duk zauren ya ji.

Ta kama shago a Arawa, a bakin titi, ba nisa da shagon simintin Abdulkahar. Yakan wuce ya gaishe ta daga nesa, ta amsa a taƙaice. Aji yanzu yana takawa da sanda har ƙofar gida, yakan zauna a benci ana gaisawa da shi. Ita kuwa Yakura, duk wadda ta zauna jiran a auna mata humra ta kuskura ta tambayi labarin motar, sai ta ji cewa rabin miliyan aka cuce ta, kuma laifin Iro ne da ya ɓata wa motar suna a kasuwa, kuma har yau bai zo ya ba ta haƙuri ba.