Jar Taraktar Saman Bene

Ni dai ban yi niyyar yi wa kowa ƙarya ba. Hoto kawai na ɗauka, kuma har gobe ina ganin rabin laifin na wayar ne.

A lokacin ina cikin shekarata ta goma sha ɗaya a Jidda. Umara na zo na maƙale, ina wankin motoci a unguwar Sharafiyya, ba iƙama ba kafili, wato ba takardar zama ba mai tsaya mini. In na hango motar 'yan sanda sai in duƙa ina ɗaure igiyar takalmi, alhali silifa ne a ƙafata. Wata Juma'a bayan la'asar na shiga haraj, kasuwar 'yan gwanjo, neman fanka. A cikin wani kwali, tsakanin tsofaffin caja da kan 'yartsana, na ga tarakta. Ja ce, ta ƙarfe, ba ta fi tafin hannuna ba, amma babu abin da maƙerinta ya manta: salansa a tsaye, kujerar ƙarfe mai huji-huji, manyan tayoyin baya, har da garma mai faifai uku. Irinta sak ce take zuwa ƙauyenmu muna yara ta yi wa masu hali huɗa, ni da Yayana mu bi ta a guje muna shaƙar hayaƙinta kamar turare. Na koma gida ba fanka.

A saman benen da muke haya akwai tarin yashi da magina suka bari. Na baje shi, na ja kunyoyi da cokali mai yatsu, na dasa taraktar a tsakiya, na kwanta rub da ciki na ɗauke ta hoto daga ƙasa, rana tana faɗuwa a bayanta. Abokin ɗakina, Bahaushe haifaffen unguwar Ruwais a nan Jidda wanda bai taɓa ganin gero a tsaye ba, ya hau kwashe shanya ya same ni a haka.

"Ya akhi, esh hada? Lafiyarka ƙalau?"

"Noma nake yi."

"Tayyib. In ka gama noman ka dawo da cokalin, shi kaɗai gare mu."

Na tura hoton guruf ɗin gidanmu na waya, na rubuta a ƙarƙashi, "Yaya, ka tuna wannan?"

Kafin in kakkaɓe yashin rigata, ɗan kawuna ya rubuto yana tambaya ko ta jirgin ruwa za ta zo. Ina dariya ina shirin ba shi amsa sai ga saƙon muryar Inna. An nuna mata hoton. Ta daɗe tana sa mini albarka, tana cewa dama ta san zaman autanta a Makka ba na banza ba ne, yau masu cewa na ɓata sun ji kunya. Sau uku na saurara. Sannan na danna na ce, "Amin, Inna." Wannan amin ɗin ita ce ƙaryar, sauran duk a bayanta suka biyo.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Mai unguwa ya aiko a sa gonarsa a sahun farko. Wani da ya taɓa tuƙa a-kori-kura ya turo mini hoton lasisinsa, gaba da baya. Mutanen da suka daina tambayata tun tuni suka koma kirana Alhaji. Ina tsaye da soso da bokiti a gefen motar wani Balarabe, ina bayanin yadda takardun kwastan suke da wuya.

Da can sai in yi wata huɗu ban kira gida ba, don ba ni da abin faɗa, kuma kunyar hakan tana cina. Yanzu kuwa kullum bayan magariba sai na kira Yaya. Shi mutum ne mai sanyin magana, ba a gane inda ya dosa.

"Tana shan mai da yawa, Auta?"

"A'a, Yaya, ba ta da ci."

"Madalla. Tayoyin fa?"

"Ko faci ɗaya babu."

Daga nan mu wuce maganar gonar bakin rafi, da wanda ya yi aure, da tsamiyar da iska ta kayar. Sai mu shafe rabin awa ban sani ba.

Ana haka gajimare ya fara haɗuwa a gida. Wata Lahadi Yaya ya ce, kamar yana maganar goro, "Tunda tarakta tana tafe, ranar Laraba zan kai shanun nan kasuwa in sayar. Harawa ta yi tsada, ba amfanin ciyar da su."

Bijimai biyu ne na huɗa, tun suna maruƙa ya raine su. Da su ake nome gandun gidanmu, da su yake yi wa mutane huɗa a samu na cefane. In aka sayar da su ruwan shuka ya sauka, gidanmu ba mai cin tuwo a bana sai na roƙo, kuma ni ne sanadi, ni da abin wasan yara.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na wanke motar wani sau biyu, na bar ta maƙwabcinsa da ƙurarta. Abokin ɗakina ya gaji da juye-juyena.

"Halas, ya sheikh, faɗa musu. Saniya biyu za su tafi a banza."

"Bijimai ne."

"Kullu wahid, duk ɗaya ne. Yalla, ɗauki waya."

Ranar Talata da la'asar na hau saman bene. Na ɗora taraktar a tafin hannuna, na ɗauki hoto yadda har zanen hannun ya fito, na tura wa Yaya shi kaɗai. Na ga alamar ya buɗe. Sai na kira. Na fara kame-kame, ina haɗa haraj da fanka da sharrin waya, ya katse ni.

"Auta, shekara nawa na yi ina bin bayan garma? Tarakta tana tsakiyar gona, ba sawun taya ko ɗaya a bayanta. Daga sama ta sauko? Sannan kunyoyin nan naka, hurhuɗu suke tafiya. Da me ka ja su?"

"Da cokali mai yatsu."

Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa haushi ya kama ni, don kwana biyu na yi da yunwa saboda shi.

"To tunda ka sani tun ranar farko, don me ka ƙyale ni?"

"Shekara goma sha ɗaya sai da salla muke jin muryarka, ita ma a gaggauce. Tarakta ta zo, kullum kana kira. Na ce bari in bar ta ta yi aikinta."

"Shanun fa?"

"Suna nan a turke suna cin harawa. Gani na yi Kawu ya kira magini zai rushe katangar gida don a samu inda za ta shiga, na ce to wasan ya isa."

Sai na ji yana tafiya, ya yi sallama, ya ce ga Inna. Ita ba ta sani ba sai a lokacin, kuma ita nake tsoro fiye da kowa. Na san hoton take kallo, tana nesa da shi daga idonta yadda ta saba.

"Ashe 'yar ƙarama ce."

"Ƙarama ce, Inna. Ki yafe mini."

"To ai abin ya zo da sauƙi. Wannan ba ta buƙatar jirgin ruwa. Ka sako ta a aljihu ka kawo mini da kanka."

Ta sani, na sani, wanda ya zauna ba takarda in ya fita daga ƙasar nan ya fita ke nan. Na ce, "To, Inna." Wannan karon ban so ta zama ƙarya ba.

Na zauna a kan yashin har aka kira magariba. Da na sauko na wanke cokalin nan tas, na goge, na miƙa wa abokin ɗakina. Ya ce ai ya riga ya ci abinci. Na ce ya riƙe dai, daga bana shi kaɗai zai riƙa ci da shi.