Halvorsen da Halvorson

Shekara talatin da ɗaya Doreen Halvorsen ta yi a ofishi guda, a hawa na uku na sashen ilimi, a wata jami'a da ke arewacin Minnesota, tana bin abu ɗaya: yadda yaro ke riƙe abin da ya karanta. Mijinta ya daɗe da tafiya, gwiwarta ta hagu kuma takan sanar da ita zuwan dusar ƙanƙara tun kafin rediyo ya faɗa. Saura wata huɗu ta yi ritaya.

Abin da aka san ta da shi wata takarda ce mai shafi goma sha tara da ta rubuta tun tana da ƙarfinta. A ciki ta nuna cewa idan yara suka rufe littafi suka faɗi abin da suka tuna, ba maki, ba jan biro, karatun ya fi zama. A shafi na sha huɗu kuma ta nuna cewa da zarar an ce za a ba da maki, tsoro yakan cinye ribar.

Jami'ar tana da lambar girma ta malamin da bincikensa ya fi tasiri, tasiri kuwa a wajensu shi ne sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka a nasu. Shugaban sashe ya tura ta laburare a fitar mata da adadinta. Curtis, mai kula da wannan aikin, ya juyo mata da kwamfuta yana murmushi. Ya ce a ƙarƙashin Halvorsen an ambace ta sau ɗari shida. Amma ga wata D. Halvorson, da "o" a wurin "e", takarda ɗaya, shekara ɗaya, ita sau dubu huɗu. Wani littafin horar da malamai ne ya fara kuskuren sunan, sauran suka yi ta kwafa daga juna.

"Hannu kawai za ki sa, Farfesa, in haɗe ku," in ji shi. "Da dubu huɗu ba mai ja da ke a ginin nan."

Ta yi kamar yau ta fara ji. Alhali shekara ashirin ke nan duk Litinin, da kofi a hannu, sai ta leƙa adadin waccan matar. Ta san duk wanda ya taɓa riƙe takardar zai ga "e" ne. Masu "o" ba su buɗe ta ba, balle su kai shafi na sha huɗu, shi ya sa suke kafa hujja da ita a ƙara wa yara jarrabawa. Ta taɓa rubuta wasiƙar gyara, ta jefa a durowa, ta ce wa kanta ba lokaci. Lokaci akwai. Adadin ne yake hawa, ita kuma tana son ganinsa yana hawa.

Ran Lahadi bayan coci ta je cin abinci gidan ƙanwarta Marlys, malamar aji huɗu a firamare. Sai da Marlys ta ture tulin takardun jarrabawar Juma'a kafin kaskon dankali da nama ya sami wuri a tebur. Ta ce yanzu duk Juma'a sai an yi, da maki, kuma a taron horar da malamai da sunan Doreen aka rufe musu baki, an haska shi a bango.

"Farfesar gidanmu, sannu da aiki. Shekaranjiya wata yarinyata ta yi amai a kwandon shara kafin in gama raba takarda."

"Ba ni ba ce. Ki duba da kyau, da 'o' ne."

Marlys ta yi dariyar yaƙe. Ta tuna mata yadda babansu yakan mayar da wasiƙa gidan waya in an sa masa "o", wai "o" ta 'yan Sweden ce, shi kuwa ba ɗan Sweden ba ne. "Ke kuwa da suka gayyace ki jawabi Chicago, 'o' suka rubuta a katin ƙirji, kika maƙala abinki kika hau dandamali. Hoton yana jikin firjina."

Doreen ta ci dankalinta. Ba ta nemi ƙari ba.

Washegari ta ce wa Curtis ya bar sunayen biyu a rabe. Ya dube ta da girmamawa har ya miƙe tsaye, ya ce bai taɓa ganin irin wannan gaskiya ba. Ta bar shi da zatonsa. Abin da take so ƙarami ne: ta iya zama a teburin Marlys ta ce ba ita ba ce, ya zama akwai wata takarda a wani wuri da ta yarda da ita.

Lambar ta tafi ga wani mai binciken yara da wayar hannu. An yi taro, an yanka kek, Doreen ta tafa daidai gwargwado. A ajin Marlys jarrabawar Juma'a tana nan. Wasiƙar gyaran ta fito da ita ranar da take kwashe durowa, ta karanta, ta ga mujallar da ta so aika wa ma ta canza suna, ta sa a kwali tare da sauran takardu.

Litinin ta farko bayan ritaya ta dafa kofi, ta zauna, ta buɗe kwamfuta. Halvorson ta ƙaru da uku.