Sabulu Sai Bayan Bas

Duk wanda ya taɓa kai kwat ɗinsa shagon wanki da guga na bayan tashar jirgin ƙasa ya san hannun Khotso Lebakeng, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai gugar. Tun yana saurayi yake tsaye cikin tururi har kansa ya yi fari fat, kuma abu guda ya koya a duniya ya riƙe shi gam: duk abin da ba shi da kari, ba shi da mutunci. Wando sai da karin guga, kwalar riga sai da kari. Mutum ma in kumatunsa suka cika suka yi luhu-luhu, Bra Khotso, wato Yaya Khotso kamar yadda ake kiransa, yakan fara zargin halinsa.

Da wannan idon ya sayi mota. Ja ce, mai ƙofa huɗu, ya karɓa daga hannun wani Bature da zai bar aikin ma'adinai. Bonet a shimfiɗe, but ɗin baya a yanke tsaf, gefenta layi ɗaya miƙe tun daga fitilar gaba har ta baya. A Soweto ba mai kiran irin wannan mota da sunan da kamfani ya raɗa mata, Kusurwa ake cewa. Masu ita kuwa sun kafa ƙungiya, suna haɗuwa kowace Lahadi a wurin wankin mota na unguwar Meadowlands, daidai lokacin da matansu ke coci suna roƙa musu shiriya. A wanke mota, a gasa nama, a ci da tuwon masara, a kora da giya, a zagi duk motar da ta gifta. Bra Khotso ne shugaba, ba don an zaɓe shi ba, sai don ba wanda ke da ƙarfin yin musu da shi har yamma.

Amininsa Velaphi Shabangu ne, tsohon mai duba tikiti a jirgi, mutum mai tumbi da kumatu da dariya kamar ana gangara da ganga. Shi kaɗai Bra Khotso ya yafe wa ƙiba. Tare suka yi samartaka, tare suka sha gudu a hannun 'yan sanda, shekara guda suka sayi Kusurwa. Akwai alkawari tsakaninsu wanda kowa a ƙungiya ya sani, don suna maimaita shi duk ran da giya ta kai musu karo: wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai tuƙa a bayan motar gawa, bamba da bamba, kuma shi zai fara zuba ƙasa a kabari.

"Ka tabbata ka wanke ta ranar," in ji Velaphi. "Kada ka biyo ni da datti in ji kunya gaban kakannina."

"Kai dai ka rage ci, kada motar gawar ta kasa hawa tudu da kai."

Ana cikin haka kamfani ya sake fasalin motar. Ranar da sabuwar ta fara shigowa wurin wankin, wani ɗan gayu ne ya kawo ta, bai san gidan da ya faɗo ba. Bra Khotso ya ajiye tsokar naman da ke hannunsa, ya zagaye ta a hankali, hannu a baya, kamar likita ya zo duba wanda ba zai tashi ba.

"Yaro, wa ya tsotse maka ita?"

"Haka take, Ntate, ranka ya daɗe. Sabon yayi ne. An yi ta ne don iska ta riƙa zamewa a jikinta."

"Iska! Kun ji fa. Mota aka yi wa iska, ba mutane ba. Ina gabanta, ina bayanta? Na rantse in ka ajiye ta ka shiga shago, sai ka tambayi mutane ta ina aka dosa."

"Dubi hancin, Shugaba," wani ya ce. "Waɗannan ƙofofin hanci ai na dorina ne."

"Fitilun kuma kamar an tashe ta daga barci."

"Ba giya, ba kuloci," in ji Bra Khotso, ya leƙa ciki ya ja da baya. "Ƙafa ɗaya ke aiki, ɗayar tana hutu. Wannan ba tuƙi ba ne, zaman jiran asibiti ne. Ku dube ta da kyau. Sabulu ne da gida guda suka yi wata suna wanka da shi."

Sunan ya zauna. Kafin wata ya ƙare, har yaran makaranta Sabulu suke cewa. Gaskiya kuma motar ba ta yi munin da suke faɗa ba, amma wa zai furta haka a Meadowlands ranar Lahadi ya koma gida da mutuncinsa?

Da Sabulu ta fara yawa a titi, har wasu 'yan ƙungiya suka fara satar kallonta, sai Bra Khotso ya ga addini na neman lalacewa, ya kafa doka. A jana'izar ɗan ƙungiya, Kusurwa ce ke bin gawa, a jere. Bayansu sauran motoci, bayansu bas ɗin 'yan unguwa, Sabulu kuwa sai bayan bas. Kowa ya tuƙa tasa da kansa, don zaman gefe na mata ne da marasa lafiya. Sannan layi ba ya yankewa: in motarka ta mutu a hanya, a kewaye ka a wuce, gawa ba ta jiran wanda bai kula da injinsa ba. Wanda dokar ta fara ci shi ne Mzwakhe, ma'ajin ƙungiya, da ya zo jana'izar surukinsa, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne, a Sabulun matarsa saboda tasa na gareji. Bra Khotso ya tsaya a tsakiyar titi da kwat mai kari, ya nuna masa baya da ɗan yatsa. Mzwakhe ya shaƙi hayaƙin bas har maƙabarta, bai kuwa manta ba.

Allah da ikonsa, sai ga Sabulu har gida. 'Yarsa Refiloe, wadda ke aikin jinya, ta tara guminta ta sayo fara sol, ta kawo wa mahaifinta ya sa albarka. Ya fito ya dube ta, ya dubi motar, ya ce ta ajiye ta a waje kada maƙwabta su ɗauka tasa ce. Yarinyar ta yi dariya a gabansa, ta shiga ɗaki ta yi kuka wajen uwarta. Ni dai a ganina wannan rana ya yi rashin kirki, kuma ya san ya yi, shi ya sa ya wuni yana goge gilashin da ba datti.

Tsayuwar shekaru a teburin guga ba ta tafiya a banza. Gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, ta kumbura, ta kai har in ya taka kuloci sai ya cije leɓe. Ya ɓoye. Yakan riga kowa zuwa wurin wankin mota don kada a ga yadda yake fitowa daga mota, ya bari kowa ya watse kafin ya shiga. Matarsa Puseletso ce kaɗai ke ganin abin, ita ke shafa masa man zafi tana mita. Velaphi ma ya gane, amma ya yi kamar bai gani ba, sai dai ya riƙa ajiye motarsa ta inda za ta kare abokinsa daga idon jama'a.

Sai Velaphi ya faɗi a bakin famfo wata safiya, yana riƙe da bokitin wankin mota. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Bra Khotso bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya yi kwanaki yana wanke Kusurwa, har cikin tayoyi da buroshin haƙori. Ana gobe jana'iza Puseletso ta same shi a tsakar gida yana jan ƙafa.

"Baban Refiloe, ƙafar nan ba za ta kai ka ba. Ka san tudun maƙabarta ranar Asabar."

"Ƙafata ce ko taki?"

"Ni ke shafa ta, ai tawa ce. Ka ba Mzwakhe ya tuƙa ka, ka zauna a gefe. Kana dai bayan gawar, ba shi ne alkawarin ba?"

"In zauna a gefe a motata? Gaban mutanen da na koya wa riƙon sitiyari?"

"To ka karɓi ta Refiloe, ba ruwanta da ƙafar hagu. Kai ne shugaba, ka ce yau an ɗage doka. Wa zai hana ka bin abokinka?"

"In bi Velaphi a cikin Sabulu? Ai sai ya buɗe akwatin ya tofa mini yawu."

"Velaphi ya mutu, Khotso. Ba ruwansa da hancin mota. Kai ne dai ba ka so a yi maka dariya."

Gaskiya ta faɗa. Tsoron dariyar mutanen da ya saba sa su dariya ya fi masa ciwon gwiwar.

Asabar ta yi, aka fito daga coci. Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Kusurwa a jere suna ƙyalli, fitilu a kunne, tasa ja a gaba, hancinta kusan a jikin motar gawa. Bra Khotso na zaune tsaf da baƙin kwat, ya ɗaure gwiwar da bandeji a ƙarƙashin wando. A shimfiɗaɗɗen titi komai ya tafi daidai, har ya fara jin ya fi ƙarfin matarsa.

Amma kowa a garin nan Asabar yake binne nasa. Tun daga gindin tudu jerin gwanon wasu gawarwakin ya cushe hanya. A matsa taku biyu, a tsaya. A matsa, a tsaya. Kowace tsayawa kuloci, kowane tashi kuloci, a kan hawa. Gumi ya jiƙa masa kwala. Ya fara taimaka wa ƙafar da hannu, yana danna cinyar ƙasa. Wajen tsakiyar tudu ya ce wa ƙafar taka, ta ce ba da ita ba. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ya ja birkin hannu, ya murza makulli, ya sake gwadawa, wani zafi ya harba masa har ƙeya, ta sake mutuwa. Inji lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ya ƙare.

Hanya ta buɗe a gaba, motar gawa ta ja. Ya ga bayan akwatin ta gilashi, da furannin da ke kai, suna nisa.

Mzwakhe ne ke biye. Ya karkato ya daidaita tagarsa da ta shugaba, ya sauke gilashi cikin ladabi.

"Sannu, Bra Shugaba. Layi ba ya yankewa, ko an canza?"

Da ya ce an canza, da an tsaya. Kalma ɗaya ce. Ya buɗe baki, ya ga idanun da ke cikin motocin baya duk a kansa, ya ɗaga hannu ya yi alamar a wuce.

Suka wuce kuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa na danna masa hon na girmamawa. Ba wanda ya taka birki, tarbiyyarsa ta kama su sosai. Sauran motoci suka wuce. Bas ɗin ya wuce, matan coci na leƙo shi daga sama, waƙa a bakinsu, tsegumi a idonsu. Da hayaƙi ya lafa, sai ga farar Sabulu ita kaɗai a ƙarshen duniya, inda dokarsa ta ajiye ta. Ta tsaya. Refiloe ta fito, ta sa kafaɗa ta ciro shi kamar yadda take ciro marasa lafiya, ta zaunar da shi a gefe.

Abin takaici, kujerar ta karɓe shi. Sanyi ya bugi fuskarsa, ƙafar ta miƙe ta samu wuri, zafin ya fara sauka. Bai taɓa jin haushin jin daɗi irin na ranar ba. Ya kafe ido a titi, yana addu'a kada yarinyar ta tambaye shi yaya ya ji, ita kuma ta rufa masa asiri ba ta tambaya ba.

Kafin su kai ƙofar maƙabarta, jana'izar wasu ta shiga tsakani, ta wasu ma ta bi. Haka ya zauna a bayan gawar mutanen da bai taɓa gani ba, yana jin waƙoƙinsu, rana na hawa.

Da suka isa, maza na kakkaɓe wanduna, an jingina shebur. Ƙasa ta yi tudu, an ɗora furanni. Matar Velaphi, Mam' Thokozile, na zaune ƙarƙashin rumfa cikin baƙin bargo. Ya ja ƙafa ya tsaya gabanta, ya cire hula.

"Bra Khotso," ta ce, muryarta a dushe, "na sa fasto ya ƙara waƙa, ya ƙara wata, duk don kai. Na ce ba wanda zai taɓa shebur. Da tsofaffi suka fara jiri a rana, Mzwakhe ya ɗauka." Ta dube shi sama da ƙasa. "Sun ce motarka ce ta mutu. Shi kuwa kullum cewa yake taka ba ta mutuwa."

Bai iya ce mata ba motar ba ce. Ya juya wajen kabarin, ya sunkuya zai ɗebi ƙasa ko da tafi ɗaya, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Refiloe ce ta durƙusa ta ɗebo, ta zuba masa a hannu. Ya watsa a kan tudun, ƙasar ta gangaro gefe ta tsaya a kan takalminsa. A nan kukan ya zo masa, irin na tsoho, mai sauti marar daɗi.

Ba ɗan ƙungiya ko ɗaya da ya ji. Duk sun koma wajen motoci da tsummansu, suna goge ƙurar maƙabarta kafin ta kama fenti.