Zannuwan Inna a Bargunan Goggo

Har yau ba na iya tsayawa a shagon tela idan yana yanka sabuwar atamfa. Shekaranjiya na kai ɗinki nan Tudun Wada, telan ya shimfiɗa turmi a kan tebur ya sa almakashi, ina jin ƙarar na ce masa zan dawo. Ya ɗauka sauri nake yi. Goggona ce ta faɗo mini a rai, ita kuwa ba ta taɓa faɗo mini da alheri ba.

Ina da shekara tara Inna ta rasu. Bayan arba'in Baba ya ga aikin ofis ba zai bar shi ya kula da ni a Gusau ba, sai ya kai ni Bilbis wajen yayarsa. Tare da ni aka sa akwatin ƙarfe a mota. Zannuwan Inna ne a ciki, su ne rabona da aka raba gado, don ni kaɗai ce ɗiyarta mace. A gabana Baba ya miƙa wa Goggo mabuɗin, ya ce amana ce har ranar aurena.

In ka tambayi tsofaffin Bilbis, za su ce maka ba a yi mace mai kyauta irin Goggo ba. Bargo take ɗinkawa da hannu. Da an gama girbi an tsinke auduga, sai ta aika wa teloli a kasuwar Tsafe su tara mata ƙyallaye. Ta wanke, ta yanka su daidai, ta haɗa ɗaya bayan ɗaya har su kai faɗin gado. Sannan ta shimfiɗa audugar da aka cire wa gurya, ta rufe da wani yadi, ta bi da allura layi-layi. Tsakar gidan kullum cike yake da zare da ɓurɓushin auduga, har cikin miya. Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Mai jego, amarya, wanda ya dawo daga aikin hajji, duk kyauta take ba su. Amma ni da nake gidan na san ladan da take karɓa. Duk wadda ta dawo daga gidan biki sai Goggo ta zaunar da ita ta ji wa ya yaba, me ya ce, a gaban wa ya faɗa.

A ɗarina na biyu a gidan aka sa bikin ɗiyar aminiyarta, za a kai ta Bungudu, gidan manyan ma'aikata. Goggo ta rantse sai ta yi bargon da dangin ango za su yi ta zancensa. Ƙyallayen teloli ba su gamshe ta ba, ta ce duk ƙananan yadi ne. Wata rana na dawo daga makarantar allo na tarar da akwatina a buɗe, ita kuma tana zaune kan tabarma da zani shuɗi mai ɗigon ruwan ƙwai. Shi Inna ke ɗaurawa ranar Juma'a. Har lokacin ƙamshin turarenta bai fita ba.

Na ce mata na Inna ne, kuma Baba ya ce nawa ne.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wadda ke cikin ƙasa ba ta ɗaura zani. Zo ki kama min nan."

Na kama, don ban san yaro na iya ƙi ba. Ni na ja gefen zanin ya miƙe, ita ta bi da almakashi. Da hawayena ya ɗiga a kai, sai ta ce in kau da fuska kada in ɓata mata yadi.

Bargon ya yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. An yi ta zancensa kamar yadda ta so, kuma wannan ne ya buɗe mata ƙofa. Kafin ɗarin ya fita ta ƙara yin biyu, ɗaya na matar liman, ɗaya na wata mai jego a dangin mijinta, duk daga akwatina. Da Baba ya zo na faɗa masa a zaure. Ya ce ita ta goya shi, ba zai iya tsare ta da magana a kan tufafi ba, in lokaci ya yi zai saya mini sababbi. Tun ranar na daina kai masa ƙara a kan komai.

Shekara ta zagayo amaryar Bungudu ta haihu, Goggo ta tafi da ni suna. Ana cikin cin abinci na leƙa ɗakin mai jego, na ga bargon a ninke a ƙarshen gado, shuɗin nan yana tsakiya. Akwai reza a kan taga. Na yanke ƙyalle ɗaya, bai fi tafin hannuna biyu ba, na cusa a ƙuguna. Audugar da ta biyo ni a riga ce ta tona ni.

A tsakar gidan mutane Goggo ta zane ni da tsumagiya, tana gaya wa mata wai ɓarauniya ce aka kawo mata riƙo. Babu wadda ta tambaye ni dalili. Da ta gaji ta ƙwace ƙyallen, ta nemi allura, ta zaunar da ni a gabanta ta mayar da shi inda yake, ɗinki a kan ɗinki, matan suna yaba ƙwarewarta.

Labarin dukan ya kai Magami wajen kakata, mahaifiyar Inna. Bayan kwana uku ta sauka a Bilbis, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a buɗe akwati. Kallabi biyu ne suka rage. Goggo ta ce ai sadaka ta yi wa mamaciya, duk wanda ya rufa ya ji ɗumi ladan na isa kabarinta.

Kaka ta ce, "To, cikin waɗanda kika ba, wa kika shaida ma zanen ɗiyata ne, ya yi mata addu'a? Faɗi mutum guda."

Goggo ta shiga ɗaki ta saki labule. A ranar Kaka ta tafi da ni, kuma su biyun ba su sake gaisawa ba har mutuwa ta raba.

Yanzu babu mai zaman haɗa ƙyallaye. Bargo ana sayensa ne a jaka a kasuwar Gusau, mai laushi, wanda bai san hannun kowa ba. Tsararrakina suna kukan wai sana'ar tsofaffi ta ɓace. Ni ban taya su ba. 'Ya'yana ma da na kasuwa na rufe su.

Shekarun baya, da ciwonta ya yi tsanani, Goggo ta aiko in je. Na tarar da ita ta ƙanƙance, idon da ke zura zare ya daina gani. Ta lalubo hannuna ta ce in yafe mata dukan da ta yi mini a Bungudu, ta yi shi cikin fushi. Na zauna ina jiran sauran. Ta shiga ba ni labarin bargon amaryar nan, wai har yanzu yana nan, ɗinkinta bai saki ba.

Na ce mata na yafe dukan. Iyakar abin da ta roƙa ke nan, iyakar abin da na ba ta ke nan.